Kyamara Marar Madubi da Bujin Tumur

Tun da Panasonic ya fitar da Lumix G1 a 2008, kyamara marar madubi ta zama abin musu. A Diffa ma akwai samarin da ke raba dare a kai wajen shan shayi: wannan ya ce Sony, wancan ya rantse da Fujifilm, na uku kuwa da wayar Tecno yake ɗauka, amma ya fi kowa ɗaga murya.

Abin da masu talla ba sa faɗa, madubin nan da aka cire shi ke ɗan tare wa idon na'urar datti. Ka je garin Tumur da hunturu, ka kwance gilashi za ka ɗaura wani, buji ya faɗa ciki ya yi zamansa. Daga ranar, duk hoton garken Fulani da ɗigo a samansa, ka rasa ko shirwa ce ko yashi.

Ga kuma tattasai shanye a bakin kogin Komadugu, ja wur, har kyamara ta rikice. Kana ta murza ISO, kana rage buɗin gilashi, mai gona ya gaji da tsayuwa: "Malam, in ba ɗauka za ka yi ba, kama mini buhun nan."