Allah Ya Ƙara Wa Alhaji Mai Gida Buɗi

Duk mai cewa ba a damu da tsaron ɗalibai a ƙasar nan ba, bai taɓa zagawa bayan katangar manyan makarantunmu ba. Ya je ya ga yadda bayin Allah suka sadaukar da filayensu, suka jera wa 'ya'yan mutane ɗakuna saboda tsabar kishin ilimi. Jami'a ta ɗebi ɗalibai dubbai, gadajenta ba su ɗauke su ba, sai Alhaji mai gida ya share mata hawaye. Mutum irin wannan ya cancanci yabo da babbar murya.

A fara da hangen nesansa. Kowace taga ya sa an yi mata waldar ƙarafuna har cikin bango, ko yaro ba zai zura kai ba. Ƙofar gidan guda ɗaya ce tal, ƙarfe 10 na dare a zarga mata sarƙa a danna kwaɗo. Ɓarawo ba ya shiga. Na ciki ma ba ya fita, kuma nan gwanintar take. A kowane ɗaki akwai risho ko tukunyar gas kusa da katifa, ga hita a cikin bokiti, ga wayoyin lantarki da aka haɗa aka naɗe da leda. Ranar da NEPA ta kawo wuta da ƙarfi da tsakar dare, yara mata da ke barci a bayan waɗannan ƙarafuna za su kwana da tabbacin cewa babu baƙon da zai iso gare su, har da maƙwabcin da ya taho da bokitin ruwa. Tukunyar kashe gobara kuwa Alhaji bai saya ba, don ba ya son yi wa gidansa mugun fata.

Sai Baba mai gadi, wanda makullin ke aljihunsa. Dattijo ne da furfura ta gama rufe shi, makamansa tocila da gora da ƙaramar rediyo. Da rana yana sayar da alawa da ashana a bakin ƙofa, domin albashin ba ya kai shi ƙarshen wata, idan ma an biya. Shi aka ajiye ya tari masu zuwa a kan babura da AK-47. Baba ba shi da laifi ko kaɗan. Shi ma yana da jikoki, kuma shi za a fara samu a bakin ƙofa.

Wata ɗaliba ta taɓa tarar Alhaji ranar karɓar haya, ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, katangar baya ta zube tun damina, har akuyoyi na shigowa." Ya dube ta da tausayi irin na uba, ya ce, "Haba 'yata, ai Allah ne mai tsarewa." Maganar gaskiya ce, ba mai musunta ta. Sai dai a gidan da iyalinsa ke kwana akwai waya mai lantarki a kan katanga, da kyamara, da masu gadi majiya ƙarfi. Tawakkalin kacokan ya bar wa 'ya'yan wasu, don ba ya son ya tauye musu lada.

Ga kuma tarbiyyar da yake ba su kyauta. Yana karɓar kuɗin shekara cur tun kafin a ba da makulli, da la'adar dillali, da wani abu da ake rubutawa a rasit da sunan kuɗin tsaro. Daga nan sai ya janye jikinsa, don yara su koyi dogaro da kai. Kuma sun koya. Sukan zaɓi shugabar gida da ma'aji, su yi karo-karo daga kuɗin garin kwaki su biya 'yan sintirin unguwa, su sayi ƙwan fitilar tsakar gida, su kira kafinta ya gyara sakata, su buɗe zauren WhatsApp inda ake tambayar wadda ba ta dawo daga karatun dare ba. Yarinya 'yar shekara 18 ta biya tsaro sau biyu, sannan ta zama mai gadin kanta. Wace jami'a ce ke koyar da wannan darasi?

Da yake an ambaci jami'a, ita ma a ba ta haƙƙinta. Ba a taɓa ganin mai sanin iyakarsa kamarta ba. Kuɗin rajista ba ya tambayar inda ɗalibi ke kwana, amma alhakin rayuwarsa yana tsayawa cak a bakin get. Ba ta ƙidaya gidajen ba, ba ta leƙa ta ga ko suna da ƙofar gudu ba, ba ta gindaya wa mai gida ko sharaɗi ɗaya ba. Idan abu ya faru, akwai jumlar da ke wanke kowa tas: ai a wajen makaranta ne.

A wajen makaranta ne aka bi ɗalibai har masaukinsu a Wuro Fatuji da ke Mubi cikin Oktoban 2012, aka kashe fiye da mutum 20. A wajen makaranta ne, ranar 22 ga Satumban 2023, 'yan bindiga suka fasa gidajen kwanan ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida, suka kora ɗalibai fiye da 20 daji, akasarinsu mata, wasu suka shafe watanni a hannunsu. Ba a cika mako biyu ba aka ɗauke ɗalibai mata 5 na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga gidan da suke haya. Waɗannan 'ya'ya ne da iyayensu suka sayar da hatsi da dabbobi suka turo karatu, suka kuma koma suna zaman jiran kiran waya daga lambar da ba su sani ba.

Gwamnati kuwa, wa zai ce ba ta yi ƙoƙari ba? Tun bayan sace 'yan matan Chibok 276 a 2014 aka ƙaddamar da shirin kare makarantu a Abuja. A 2015 Najeriya ta shiga sahun ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar duniya kan tsaron makarantu. A Oktoban 2021 ita ta karɓi baƙuncin taron ƙasa da ƙasa a kan batun, watanni shida kacal bayan an kwashe ɗaliban Jami'ar Greenfield a Kaduna, aka kashe 5 daga cikinsu. An yi jawabai masu ratsa zuciya, an buga takardu masu sheƙi. Lungun da ke bayan gidan Alhaji dai har yau babu fitila, kuma ofishin 'yan sandan da ke kusa yakan nemi a kawo kuɗin mai kafin mota ta tashi. Wannan ma tattali ne abin koyi.

Bana Alhaji ya ƙara kuɗin ɗaki, ya ce saboda yanayin tsaro ne. Ya yi wa ƙofar sabon fenti, ya sa an dasa fasassun kwalabe a kan ɓangaren katangar da bai zube ba. Tun kafin a dawo daga hutu ɗakunan suka ƙare, har ya sa a jibge bulo a kan tsohuwar rijiya zai ƙara wasu guda huɗu.