Tsofaffin Gidigir da Abin Kiwonsu

A Gidigir, garin da ke bakin babbar hanyar Damagaram zuwa Gure, girman abin kiwon mutum yakan bi ƙarfin gwiwarsa. Mai shekara 40 shi ke jan guga ya shayar da shanu. Kafin ya kai 70, garke ya koma turke, turke ya koma akurki. Damina gajera ce, harawa kan yi tsada da bazara, samarin gida kuma sun tafi cin rani. Sai dai kowane tsoho da irin saukowarsa.

Akwai mai musun tsufa. Shi ba ya kiwon abin da bai yi ƙaho ba, don haka duk shekara sai ya turke ragon layya, balami ko uda, ya cika shi da dusa har ya fi ƙarfinsa. Da la'asar akan ga ragon a gaba, dattijon a baya riƙe da igiya yana haki. Wanda ya ce masa "Sannu, Baba, kawo in riƙe maka" ya yi laifi.

Akwai tsohon mai shanu, wanda farin 1984 ya share masa garke. Yanzu kaji bakwai gare shi, amma yana ƙirga su safe da yamma, yana duba ƙirjin zakara kamar mai tayin bijimi. Duk hirar da aka ɗauko da shi, ko ta farashin goro ce, a kan shanun da suka mutu take ƙarewa.

Mafi ƙwarewa ita ce tsohuwa mai kaji. Tsakin gero da ruwan kasko su ne jarinta, akurkin kuma asusunta: ƙwai na sabulu, zakara na magani, budurwar kaza ta gudummawar biki. Ba ta karanta kalanda, amma ba ta kuskuren kwana 21 na kwanci. Idon da ba ya ganin kafar allura shi ke hango shirwa tun tana sama, kuma ƙafar da aka ce ciwo ya hana ta zuwa gaisuwa takan warke nan take idan 'yan tsaki suka yi kuka. An ce sabo da kaza ba ya hana yanka, amma banda wurinta. Baƙo yakan ji kirarin zakaranta dalla-dalla, sannan a kawo masa tuwo da miyar kuka. Abin da ke karya ta shi ne annobar kaji ta lokacin hunturu, mai share akurki cikin mako guda. Takan yi jimami kwana biyu, ta aiki jika gidan ƙanwarta ya karɓo 'yar kaza, a sake sabon lale.

Mai zabi ya shiga ne don neman hutu, bai samu ba. Zabuwa da damina take ƙwai, a cikin ciyawa nesa da gida, kuma ba ta iya reno, sai an kwaso ƙwan an sa wa kaza ta kwanta musu wajen kwana 28. Tsakanin neman sheƙa da koro su gida da magariba, yakan yi tafiyar da ta fi ta makiyayi.

Mai tattabaru ba shi da labari mai yawa: tukunya a rataye, ƙwai biyu, shiru.

Sai mai kiwo da baki. Akuyoyinsa uku, amma rabonsa da taɓa igiya tun bara. Daga kan tabarma yake ba da umarni, jikoki ke yankan ciyawa, su ne kuma ke shan faɗan masu lambun kwari idan akuya ta shiga rogo. Ranar kasuwa kaɗai yake miƙewa da kansa, ya sa babbar riga, ya je ya karɓi kuɗin.