Kariya, Roba da Mutanensu

Dogon babur, wanda aka ƙera don kwalta da daji gaba ɗaya, irin su Yamaha DT da AG da XTZ da 'yan uwansu na Sin, yawanci ba ya zuwa da wurin kaya da zai ishi Bahaushe. Giɓin nan da kamfani ya bari shi ke ciyar da masu walda da makanikai tun daga unguwar Adakpame har ta Akodesewa. Shi ne kuma ya tara mana wasu bayin Allah a bakin gareji, kowa da fatawarsa kan yadda ake ɗaure duniya a bayan sirdi.

Shugabansu shi ne Mai Akwatin Bature. Ciwonsa ya samo asali ranar da ya je iyakar Aflawo ya ga Turawa biyu, mata da miji, a kan ƙatuwar BMW, da akwatunan alminiyum hagu da dama, ƙurar ƙasashe ta rufe su. Injin nasu ya kai cc 1,200, nasa 125 ne, amma wannan lissafi bai taɓa hana shi barci ba. Ya ɗauki hoto a waya, washegari da sassafe yana gaban mai walda.

"Maigida, ni fa ƙarfen ƙofa ne da ni," in ji mai walda.

"Shi nake so. Ai ya fi na Bature ƙwari."

Gaskiyarsa, ya fi ƙwari. Aka ƙera akwatuna biyu, aka shafe su da fenti ruwan azurfa, aka rataya wa kowane kwaɗo, ya bi su ya manna tutocin ƙasashen da ko a taswira sai an nuna masa. Daga ranar ya zama malamin tarihi. Zai gaya maka cewa a tseren Faris zuwa Dakar na farko, a 1979, Cyril Neveu ya ci da Yamaha XT500, kuma ta Agadas suka bi. Zai tuna maka cewa babur ɗin nan Tenere sunan hamadar Nijar ya ci, don haka sana'ar ma tamu ce aka ara. Duk daidai ne. Abin da ba zai gaya maka ba shi ne abin da ke cikin akwatunan. Na taɓa leƙawa: buta, darduma, silifas, da rabin burodi. Kwaɗon ya fi su nauyi.

Sai ka gan shi a hanya. A rairayin lungunanmu tayar gaba ta daina jin magana, yana tafe yana dogara ƙafa hagu da dama, gumi har cikin hular kwano. A cunkoson bayan tashar jirgin ruwa, inda manyan motocin Burkina da Mali ke jere, 'yan zemijan, wato 'yan acaɓa, na sulalewa ta tsakani, shi kuwa yana tsaye yana jira, domin faɗinsa ya kai na amalanke. Da damina, in ruwa ya kwanta a unguwa kamar yadda ya saba, akwatunan su sha su ƙoshi su ƙi fitarwa, sai ya koma a huda musu gindi. Babur ya daina shiga ƙofar gida, yanzu a waje yake kwana, da ɗan abin goro ga maigadin maƙwabta. Kariyar kaya ta tsage, a ƙara ƙarfe. Ƙarfe ya ƙaru, shakazoba ta zauna. A canza shakazoba, ƙusoshin baya su tsinke. Mai walda ba ya kiransa da suna sai "Babban Yaya", kuma bana ya sake rufin ɗakinsa. Tafiyar Sinkase da aka yi duk wannan shiri dominta tana nan, bayan Sallah in Allah ya yarda. Wace Sallar, ba a tambaya.

Kishiyarsa Sarkin Roba ne, dattijo marar magana. Tsohon tib yake samu ya yanka shi tsiri-tsiri da reza. Da shi yake ɗauro doyar Basar da buhun gawayi, da kejin zabi daga Dapango a can sama, mai nauyi a ƙasa kusa da sirdi, marar nauyi a bisa, ya tako sama da kilomita 600 ko ƙwai bai fashe ba. Bai taɓa ba mai walda dala ba. In yana ja yana ɗaurewa dai ka ja da baya, don robar in ta kuɓuce ido take nema.

Mai Salansa ya sa an zazzage cikinta, wai injin ya samu numfashi. Gudu bai ƙaru ba, amma unguwa ta daina dogara da ladan wajen tashin asuba.

Mai Rage Nauyi ya cire madubi, ya cire murfin sarƙa, ya cire matakin fasinja, sannan ya zauna ya cinye sakwara malmala uku kafin ya hau.

Akwai Mai Haƙori. An gaya masa hawan Aledjo, can tsakanin Sokode da Bafilo inda aka tsaga dutse hanya ta ratsa, ba wasa ba ne. Sai ya sa aka saka masa babban haƙorin sarƙa a baya don ƙarfin hawa. Ya manta cewa kafin dutse akwai shimfiɗaɗɗiyar kwalta mai nisa, ga inji na kururuwa tun daga Tsebiye har Notse, ga masu ƙananan Haojue na wuce shi suna ɗaga masa hannu. Ya dawo a mayar da ƙarami. Ya ji labarin hawan Defale, a mayar da babba. Makanike ya ware masa kwali guda, ya rubuta sunansa a jiki.

Ɗan Orijinal kuwa a Akodesewa ake kallonsa. Ya ɗauki filogi ya auna a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa, ya shinshina, ya ce na Japan ba haka yake ƙara ba. Mai shago ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da irinsa sak a wani kwali, ya ninka kuɗi. Kowa ya rabu da kowa yana murna.

Mai Saƙo ba shi da babur, kunne gare shi. Da ya ji ka ɗaura sabuwar kariya, ana sallame asuba yana ƙofarka. "Ƙanena, ɗan abu ne kaɗan, ka miƙa wa Inna a Sokode." Ɗan abin jarkar manja ce, da buhun garin rogo, da busasshen kifi a leda da zai bi rigunanka har Kara. A dawowa kuma a riƙo masa cukun wagashi. Ba na son in tsananta a kansa, mutum ne mai zumunci, kuma ina da 'yar'uwa a Mango wadda ba ta cin tuwo sai da kifin teku.

Duk waɗannan ina iya shan shayi da su. Wanda ba na iyawa shi ne Mai Fitila. Ta kamfani ba ta ishe shi ba, ya sayo fararen fitilun nan masu tsinin haske, biyu ko uku, ya sa yaro ya yanke waya ya haɗa su kai tsaye, ya ɗaga musu kai daidai idon mai zuwa. A babbar hanyar arewa da dare, inda tirela ke lalacewa a bar ta a gefen kwalta da 'yan ganye a matsayin alama, ga mata na tafe a ƙasa da tallarsu, mutumin nan yana makantar da kai na daƙiƙu masu yawa, kai kuma kana tafe da gudu ba ka ganin komai sai fari. Da ya wuce duhu ya rufe ka, sai Allah. Shi ya ga hanyarsa tas, ya isa gida lafiya, bai ma san abin da ya bari a baya ba. Ka yi masa magana da rana ya yi dariya, ya ce kai ma ka sayi taka. An roƙe shi ko sunkuyar da su ya yi su haska kwalta, ya ce to kuɗinsa fa, wa zai san ya saka?

Kwanan baya ya zo da ta huɗu a leda. Makanikenmu ya juya ta a hannu, ya mayar masa, ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, a kai gaba." Tun ranar ni ke biya masa kuɗin shayi, har da ƙwai.