Masu Sayen Wuƙa Iri-Iri Ne

A ƙasar da rake ya zama sana'a kamar Makarfi, tumatir kuma ya cika fadamun Ikara da Kudan, 'yar wuƙar aljihu kayan aiki ce ta kullum. Da ita ake fere rake, a yanke igiyar buhu, a tsaga tumatir don shanya kauɗa, a raba goro. Abin da ake bukata a jikinta bai taka kara ya karya ba: ƙarfen da ke karɓar washi, ƙusar da ba ta girgiɗi, da ƙotar da ke zama a hannu. Wuƙar da ta haɗa waɗannan ita ce mai arha ko nawa aka saye ta, domin shekarun da za ta yi tana aiki ake biya. Sai dai masu saye kaɗan ne ke duba su, kowa da abin da ya kawo shi gaban tabarmar mai wuƙaƙe.

Akwai Mai Ƙyalli. Shi da ya buɗe wuƙa fuskarsa yake fara dubawa a jikin ruwanta, in ya hango gashin bakinsa ciniki ya faɗa. Mai kaya zai ce masa, "Maigida, wannan ba ta tsatsa har abada," kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, domin ƙarfen da ba ya tsatsa ana garwaya shi da wani sinadari mai suna kuromiyom, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Abin da ba a faɗa masa ba shi ne hana tsatsa daban, riƙe kaifi daban. Kaifi yana zuwa ne daga yawan sinadarin gawayi da ke cikin ƙarfen da kuma yadda aka gasa shi aka tsoma, kuma a nan ne masu ƙera na banza suke rage kashe kuɗi, tunda ido ba ya gani. Gaɓar rake biyu ta isa ta naɗe bakin wuƙar, sai Mai Ƙyalli ya koma ɓare ɓawon da haƙori, wuƙar na aljihu tana ta sheƙi.

Ɗan'uwansa na jini shi ne Mai Baki Goma, wanda ba ya yarda da wuƙa sai tana ɗauke da almakashi da zarto da magagari da mabuɗin kwalba. Asalin wannan ƙira abin girmamawa ne. Karl Elsener ya buɗe maƙerarsa a Ibach ta ƙasar Suwizalan a 1884, wadda ta zama kamfanin Victorinox, kuma tun 1897 ake yin wuƙarsa mai bakuna da yawa, da ƙarfe mara tsatsa daga baya, wanda ke nuna cewa irin wannan ƙarfen ma akwai nagari. Amma abin da mutuminmu ya saya kwaikwayo ne mai jar ƙota, almakashin na tauna zare, zarton na shafa itace. Har da wani murɗaɗɗen ƙarfe da aka yi don zare toshiyar kwalbar giya, wanda bawan Allah a Hunkuyi zai yi shekara yana juya shi kafin ya yanke shawarar cewa na sakace ne. Kowane baki da aka ƙara wata ƙusa ce da za ta saki, kuma ruwan wuƙar kansa dole a sirantar da shi don sauran su sami wuri.

Mai Arha shi lissafinsa a bakin tabarma yake ƙarewa. Zai taya, ya tafi, ya dawo, ya rantse da cewa a Zariya ya ga irinta rabin kuɗin, ya ɗauki wadda ta fi kowacce sauƙi, kasuwa mai zuwa kuma ga shi ya dawo neman wata. Hujjarsa tana da ɗan ƙarfi, ya kamata a saurare ta: wuƙar aljihu ɓata take yi, a gona ko a cikin mota, to me zai sa a zuba mata kuɗi? Amsar ita ce wuƙa mai kyau ba lallai ta yi tsada ba, kuma wanda ya sayi biyar a shekara ya riga ya biya kuɗin tagari ba tare da ya taɓa riƙe ta ba. Ga kuma hatsari, domin dakusasshiya sai an danna da ƙarfi, in ƙusa ta yi sako-sako kuwa a kan yatsa take rufewa. A ɗaya gefen akwai Alhaji Mai Ajiya, wanda tasa tsaraba ce, tana cikin akwati naɗe da ƙyalle, ba a fito da ita sai an yi baƙo. Ranar Layya shi ne na farko a ƙofar maƙwabci.

Can zai tarar da Mai Aro, wanda bai taɓa sayen wuƙa ba amma ya fi kowa sanin lafiyar ta kowa. "Malam, ɗan ba ni 'yar wuƙar nan," shi ke nan, sai ya huda gwangwani da ita, ya ɗaure noti a babur, ya ɓamɓare ƙusa a ƙyaure, ya dawo da ita ba tsini yana cewa ai dama haka take. Mafi yawan abin da ake kira rashin ƙarko aikinsa ne, domin ƙarfen da aka taurara don yanka ba ya jure murɗa.

Wanda ya fi ban dariya shi ne Masani. Zai gwada kaifi a farce, ya aske gashin hannunsa, ya ƙwanƙwasa ruwan ya kai kunne, sannan ya tambaya da murya ƙasa-ƙasa, "Ƙarfen Jamus ne?" Akwai tarihi a bayan tambayar. Wuƙar Okapi, wadda ta yi suna a Afirka, a garin Solingen na Jamus aka fara ƙera ta a 1902, amma tun 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu, kuma buga sunan ƙasa a jikin ƙarfe abu ne da kowane mai kwaikwayo ya iya. Masani ba ya saye. Yana ajiye wuƙar ya ce zai zagayo, hannunsa duk tabon aski.

A bayan duk waɗannan akwai mai sayar da rake, wanda ba ya jayayya da kowa. Wuƙarsa baƙa ce, maƙeri ya ƙera ta daga tsohon sifirin mota, ƙarfen da aka yi shi don ya lanƙwasa ya dawo, kuma shafa kaɗan a dutse ke maido mata da baki. Za a ce tana tsatsa, ruwan tumatir kuma yana baƙanta ta. Haka ne, maganinsa gogewa bayan aiki da ɗigon man gyaɗa, baƙin da ya zauna kuwa ba ya hana yanka. Za a ce ba ta ninkewa, ba ta shiga aljihu. Baduku yana ɗinka kube, kuma wanda yake son mai ninkewa sai ya nemi mai baki ɗaya da makulli, irin ƙirar Opinel ta Faransa, wadda tun 1890 ƙotar itace ce da ruwa guda, a 1955 aka ƙara mata zoben da ke hana ta rufewa. Gajarta ma riba ce, domin doguwar wuƙa a ƙugu tana jawo tambaya a shingen 'yan sanda, 'yar tsawon yatsa kuwa ta isa igiya da mangwaro.

Sai dai ko a cikin masu gaskiyar akwai mai wuce gona da iri, wato Baba Mai Washi. Ya ji an ce wuƙa da washi take rayuwa, sai ya mayar da shi wuridi, safe da yamma yana bakin dutse ko bai yanka komai ba. Kafin damina biyu ruwan ya siranta ya koma kamar basilla, shi kuwa yana nuna wa jikoki yana cewa ƙarfen yanzu ba ya auki.