Babin Cinikin Mota Ta Hannu

Malaman fiƙihu na da, Allah ya jiƙan su ya kyautata makwancinsu, ba su bar wani nau'i na saye da sayarwa da suka riska a zamaninsu ba face sun yi masa babi, sun rarrabe halaccinsa da haramcinsa, tun daga cinikin raƙumi da hatsi har zuwa na 'ya'yan itacen da ba su nuna ba. Duk wanda ya durƙusa gaban malami ya sauke Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, balle ya kai ga Muhtasar na Shehu Halilu, ya san cewa algus da yaudara da ɓoye aibin haja duk an yi hani da su, kuma an ba wanda aka rufe zaɓi, ko ya riƙe ko ya mayar. Sai dai waɗannan bayin Allah sun koma ga Mahaliccinsu tun ba a ƙera mota ba, ballantana mota ta hannu, saboda haka wannan babi ya rage a wuyanmu, mu 'yan baya, waɗanda ba mu kai su ilimi ba amma mun fi su sanin hanyar gareji.

Ga yaran da ba su riski zamanin ba, ya kamata a gaya musu cewa an yi lokacin da ma'aikacin gwamnati mai matsakaicin muƙami yakan karɓi rancen mota, ya je ya fito da Peugeot 504 sabuwa dal, irin wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, ya yi shekara bai cire ledar kujeru ba domin kada maƙwabta su shiga shakka. Da darajar naira ta kama gangara daga 1986, sai muka koma ga abin da Turawa suka hau suka gaji, ana lodo shi a jirgin ruwa daga Antwerp zuwa Legas ko Kwatano, wani ya biyo ta Gaya ya shiga Nijar, ya kwana biyu a Maraɗi ko Birnin Ƙonni kafin ya san yadda ya tsallako. Ita ce muke kira Beljiyam ko tokumbo ko da daga Amurka ta fito, kuma tana da daraja a kan ƙanwarta wadda aka hau a gida, wadda ita kuma ba a taɓa jin dillali ya yarda ta haura wata shida da shigowa ba.

To, shi dillalin mota, bisa ga abin da na fahimta, mutum ne mai ruwaya, kuma ruwayarsa guda ce tak, illa dai lafazi yakan saɓa. In Beljiyam ce, wata tsohuwar Baturiya ce mai ita, ba ta zuwa ko'ina da ita sai kasuwa ranar Asabar. In ta gida ce, ta matar wani likita ce, daga gida sai makarantar yara, kuma ba don wata lalura ta taso wa maigidan ba da ko da wasa ba zai rabu da ita ba. Wannan ruwaya ta kai haddin mutawatiri, gama an ji ta a Kano, an ji ta a Kaduna, an ji ta a Damagaram, daga bakin jama'a masu yawa. Amma in ka bi isnadinta sai ka taras dillali ya karɓo daga dillali, shi kuma daga wani yaron mai wankin mota, shi kuma daga wanda ba a ambaci sunansa ba. Da a ce ta inganta, da lalle tsofaffin matan Turai sun fi mazajensu yawan motoci, kuma da likitocin ƙasar nan sun fi kowa shiga lalura. Daga nan sai dillalin ya dafa bonet ya ce, "Ranka ya daɗe, fentin kamfani ne, ko sifana ba ta taɓa hawa injin nan ba, mai kawai za ka zuba ka ja." Kafin ku kai ga kuɗi, dillalin da ka zo da shi ɗaya ya zama biyar, kowa na cewa shi ya fara ganin motar, kowa da la'adarsa, kuma akwai na shida can gefe wanda ba ya cikinsu, wai, yana ta amsa waya da ƙarfi yana cewa Alhajinsa ya taya fiye da haka kuma yana tafe da kuɗin bayan la'asar. Wannan shi ne najashi da littattafai suka hana, sai dai an ƙara masa wayar hannu.

Amma fa zalunci ne a ɗora wa dillali laifin duka, domin rabin ruɗin mai saye ne yake tahowa da shi daga gida. Mutum ya shekara yana tari, ya karɓi adashi, watakila ya sayar da fili, amma tun kafin ya fita ya riga ya yanke hukunci a kan launi, ya riga ya hango kansa yana shiga layinsu da yamma, gilashi a ɗage, daidai lokacin da majalisar ƙofar gidan mai unguwa ta cika. Wanda zuciyarsa ta kai nan ba gaskiya ya je nema ba, ya je neman wanda zai yi masa rantsuwa ne. Sa'an nan ba ya tafiya shi kaɗai, sai da 'yan rakiya, kuma kowannensu mujtahidi ne: ga amininsa da ya taɓa mallakar Vespa, ga ƙanen matarsa da ya yi wata uku yana koyon tuƙi, ga wani da aka ɗauko kawai don yana da baki. Farillan dubawa a wurinsu sanannu ne. Da farko kowa ya sa ƙafa ya harbi taya, abin da har yau ba a samu wanda ya bayyana hikimarsa ba, kana a buɗe bonet, a zagaye injin, a yi shiru na ta'aziyya, a gyaɗa kai, a rufe, daga nan a shiga ciki a ƙure rediyo, a danna hon, a kunna esi, kowa ya tara tafin hannunsa, in sanyi ya fito sai a ce, "Kai, lafiyayya ce!" An gama bincike ke nan.

Alhali abin da ya wajaba a duba yana nan a fili ga mai haƙuri. Malamai sun yi magana a kan dabbar da mai ita yakan ƙi tatsa kwana da kwanaki har hantsarta ta cika, domin mai saye ya zaci mai yawan nono ce, suka kira ta musarratu, suka ba mai saye damar mayar da ita. To, mota ma ana yi mata irin wannan. Akan zuba mata baƙin mai mai kauri don ya danne ƙarar injin da ya gaji, akan tashe ta ta ɗumama kafin ka iso don kada ka ga wahalar da take sha da safe, akan mayar da agogon kilomita baya har tsohuwa ta koma budurwa a lissafi. Maganin wannan shi ne ka yi sammako ba tare da sanarwa ba, ka taɓa injin ka ji shi da sanyi, a tashe ta a gabanka kai kuwa kana tsaye a bayanta kana kallon salansa: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce tana ƙona baƙin mai, fari mai kauri da ba ya yankewa alama ce ruwa na shiga inda bai kamata ba, baƙi kuwa fetur take sha fiye da kima, kuma tun da aka janye tallafi a watan Mayun 2023 wannan aibi ya tashi daga makaruhi ya koma babbar musiba. Ka kwance murfin baƙin mai, in ka ga wani abu fari-fari mai yauƙi ya taru a ƙarƙashinsa, ka yi sallama da su cikin mutunci. In an murɗa makulli kafin injin ya tashi, dukkan fitilun gargaɗi na gaban direba ya kamata su kama sa'an nan su mutu. Wadda ba ta kama ba ko kaɗan, ba lafiya ce ta hana ta ba, wani gwani ne ya rufe mata baki. Ka dubi robar birki da fatar sitiyari da kujerar direba, domin su ba a iya koya musu ƙarya. In sun cinye, agogo kuwa yana nuna tafiya kaɗan, ka gaskata roba. Kada kuma ka manta motocin Amurka da mil suke lissafi, kuma mil ɗaya ya kai kilomita 1.6.

Jiki ma yana da nasa sirrin. Ka tafi da ɗan mayen ƙarfe a aljihu ka riƙa ɗora shi a ƙofofi da gefuna, duk inda ya ƙi kamawa a jikin ƙarfe, foti ne masu gyaran bodi suka cika suka shafe da fenti. Da yawa daga motocin da ke zuwa daga Amurka a gwanjon waɗanda suka yi haɗari aka saye su, wasu kuma ambaliya ce ta shanye su, irin wadda guguwar Harvey ta jawo a birnin Houston a 2017, aka busar, aka fesa turare, aka turo mana. Saboda haka ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka sansana, ka leƙa ƙarƙashin kujeru ka ga ko akwai tsatsa ko yashi, domin wadda ta sha ruwa wayoyinta ba sa daina rikici har ta mutu. Kowace mota ta wannan zamani tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, kuma ta Amurka ana iya bin tarihinta da wannan lamba a intanet da kuɗi ƙalilan; amma mutumin da zai ƙirga miliyoyi ba tare da ya ƙifta ido ba, a nan ne tsimi yake kama shi. Akwai kuma wadda aka juya wa sitiyari, gama tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, motar da aka ƙera don titunan Ingila ko Japan kuwa sai an yi mata tiyata, kuma ba kowane mai tiyata ne likita ba. Har abin nan na cikin salansa da makanikai ke kira indomi ka tambaya ko yana nan, domin yana da tsada kuma yana da ƙafa.

Batun makanike kuwa sai an yi hattara. Wajibi ne a tafi da shi, amma ya zama naka, ka kuma biya shi hakkinsa tun daga gida, biya na mutunci. In ka ce masa "Oga, muje ka duba mini, Allah zai ba da lada," to ka sani dillali ba ya haɗa kowa da lada, a take yake sallama. Sau da yawa ana shiga fili za ka ga shi da dillali sun gaisa gaisuwar waɗanda ba su san juna ba, wadda ta fi ƙarfin a yarda da ita, shi kuma ya shiga ƙarƙashin mota ya fito yana karkaɗe riga ya ce, "Alhaji, in ba ka saya ba ni zan nemo mai saye." Daɗa ko motar ta yi kyau ko ta lalace shi bai yi asara ba, tunda garejinsa za ta dawo.

Saura takardu, waɗanda su ne kan gaba amma mu mukan bar su ƙarshe, bayan an biya kuɗi an sha lemo. A farkon Janairun 2017 gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu, saboda haka wadda ta biyo ta daji, komai kyanta, tana iya kwana a hannun kwastan ranar da ka ɗebi iyali za ku gaisuwa. Wadda aka sato kuwa, mai ita na ainihi ba zai tambaye ka nawa ka saya ba, 'yan sanda ma haka. Ka gwada lambar shasin da ke jikin mota da wadda ke cikin takardar kwastan harafi da harafi, ka tabbatar takardar ba a shagon kwamfuta aka haife ta ba, a kuma rubuta yarjejeniya da sa hannun shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki ta sauka, amma mu kunya ta hana mu, da mai sayarwa ya ce, "Haba Malam, takarda tsakanina da kai? Ai an zama ɗaya," sai mu sunkuyar da kai mu ba shi haƙuri.

Ranar da mota ta iso gida kuwa sai san barka, a yi addu'a Allah ya tsare ya sa a kashe lafiya, a raba tukwici, kuma daga wannan rana ta zama waƙafi ga unguwa: kai amarya, ɗauko mai jego, asibiti da tsakar dare, duk da man maigida. Kafin wata ya zagayo sai a lura Alhaji ya sauya masallacin asuba ya koma wanda ke kan tudu, ba don ya fi son karatun limamin ba, sai don akwai gangara a gabansa. In an tambaye shi sai ya ce batir ne kawai ya ɗan yi sanyi. Wata na biyu filogi ne kawai. Na uku giya ce kawai, domin a shari'ar masu mota faɗin cewa an rufe ka ya fi rufewar ciwo. Da abin ya kai intaha sai ya kai ta a wanke, a zuba mata mai kaurin nan, ya kira dillali ya ce masa, ba tare da muryarsa ta yi rawa ba, "Ka san Hajiya ce kaɗai ke hawanta, daga gida sai makarantar yara."

Ni dai roƙona ga masu irin waɗannan motoci, kafin Allah ya kawo wanda zai gaje su, shi ne su dubi Allah su dubi yaran unguwa da ke tura su kowace safiya cikin sanyin hunturu, su yanka musu wani abu sananne duk wata, domin "Allah ya yi muku albarka" da ake cilla musu ta taga bayan injin ya kama ba ya sayen ko ƙosai.