Waƙoƙin Higedan da Tsautsayin Ɗakin Karaoke

Official Hige Dandism, wadda masoyanta ke taƙaita sunanta su ce Higedan, ƙungiyar mawaƙa ce ta mutum huɗu daga ƙasar Japan, kuma fiyano ne ƙashin bayan kiɗanta. An kafa ta a 2012 a lardin Shimane, can yammacin tsibirin Honshu, nesa da hayaniyar Tokyo. Satoshi Fujihara ne ke waƙa yana kaɗa fiyano, shi ne kuma ke rubuta mafi yawan waƙoƙin. Daisuke Ozasa ke riƙe da jita, Makoto Narazaki da jitar bas da saksofon, Masaki Matsuura kuma da ganguna. Sunan yana nuni ne da burinsu na ci gaba da kiɗa tare har shekarun da gemu zai dace da su. Bayan kammala Jami'ar Shimane, Fujihara ya yi shekara biyu yana aikin banki, waƙa sai a ƙarshen mako, kafin su tattara su koma Tokyo a 2016. A 2018 kamfanin Pony Canyon ya fitar musu da "No Doubt", waƙar wasan talabijin na The Confidence Man JP, daga nan sunansu ya fara zaga ƙasa.

Waƙoƙin da masoya suka fi so sanannu ne. "115-man Kilo no Film" ta 2018 ana yawan saka ta a liyafar aure. "Shukumei" ta 2019 an yi ta ne don gasar besbol ta makarantun sakandare da ake bugawa a filin Koshien lokacin zafi. "Cry Baby" ta 2021, wadda ke buɗe zanen anime na Tokyo Revengers, ta yi suna wajen sauya matakin sauti tun mutum bai gama gyara zama a na farko ba. "Mixed Nuts" ta 2022 ita ke buɗe anime na Spy x Family, gudu gare ta da kalmomi a cunkushe. "Subtitle", ta wasan talabijin na Silent, ita ma a 2022, ta yi makonni 13 a saman jadawalin Billboard Japan Hot 100.

Uwa-uba ita ce "Pretender" ta 2019, waƙar fim ɗin The Confidence Man JP, wadda da ita suka fara hawa dandalin Kohaku na tashar NHK a daren ƙarshen shekarar. Labarin wani ne da ya gane cewa macen da yake so ba rabonsa ba ce, yana sallama da ita alhali zuciyarsa ba ta yarda ba. Duk da fiyanon da aka san ƙungiyar da shi, da jita waƙar ke farawa, a tsanake, tana lallashin kunne. Tsawonta ya haura minti biyar. Wannan adadi yana da muhimmanci, kamar yadda za a gani.

Matsalar waɗannan waƙoƙi ita ce sauƙin da suke nunawa. Fujihara yana hawa sama ba tare da alamar wahala ba. Yakan bar muryar ƙirji ya shiga siririyar murya ta cikin ka, ya dawo, ba a ji inda ya sauya ba. Mai sauraro a jirgin ƙasa yana bin sa a zuci, ya ga ai abin bai kai ya kawo ba. Ya gwada a wurin wanka, bango ya mayar masa da murya mai zaƙi, ya fito yana ganin an tauye masa haƙƙi da ba a gano shi ba tun tuni. Ba ya tuna cewa shi kansa Fujihara a 2023 sai da aka gano tsiro a igiyar muryarsa, ƙungiyar ta dakatar da wasa a gaban jama'a na wani lokaci.

Wurin da ake biyan bashin wannan ruɗi shi ne ɗakin karaoke. A Japan ɗaki ake kamawa na awa ɗaya ko biyu, da kujeru a jikin bango, da makirufo biyu, da kacau-kacau don masu taya murna, da wayar bango ta kiran abin sha. Da wani ƙaramin allo na hannu ake zaɓen waƙa. A jikinsa akwai madannai biyu, ɗaya na sauke sauti, ɗaya na ɗaga shi, kowane danni rabin mataki. Akwai kuma tsarin ba da maki, wanda ke zana layin sautin waƙa a babban allo, ya zana na mai waƙa a kansa, jama'a suna kallon tazarar da ke tsakani.

Misali mafi kusa ya faru kwanan nan a Tokyo, a kan wani baƙo ɗan ƙasar waje, sabon ma'aikaci a wani kamfani, wanda har yanzu ba ya iya haɗa ido da mutanen ofishinsu. An gama cin abincin dare, aka wuce zama na biyu kamar yadda aka saba. Da layi ya zo kansa, ba wanda ya tilasta shi, ya zaɓi "Pretender". Ɗakin ya ɗauki sowa. Baiti na farko ya tafi lafiya, domin a ƙasa yake. Baƙon har ya sa hannu ɗaya a aljihu. Ya lumshe ido a wurin da ya ga Fujihara yana lumshewa. Wata abokiyar aiki ta ɗauki kacau-kacau tana bi.

Sai amshi ya iso.

Abin da ya faru bai wuce daƙiƙa uku ba, amma yana da sassa. Da farko baƙon ya ja numfashi, ya ɗaga haɓa, ya tura muryar ƙirji zuwa inda ba ta taɓa zuwa ba. Ta je rabin hanya ta tsaya. Ya nemi siririyar muryar nan ta wurin wanka, ba ta amsa ba. Abin da ya fito a madadinta ya yi kama da carar ɗan zakaran da ke gwajin farko: ya fara da ƙarfi, ya tsage a tsakiya, ya ƙare da iska. Makirufon kuma an buɗe masa amsa-kuwwa sosai, don haka ɗakin ya sake jin sautin, ya kuma sake ji, kowane yana bin na gabansa. Kacau-kacau ya yi shiru.

A daidai wannan lokaci ƙofa ta buɗe. Ma'aikaciyar wurin ce ta shigo da faranti cike da kofuna. Ladabin aikinta shi ne ta nemi afuwa, ta rusuna, ta ajiye, ta fita ba ta ji komai ba. Ta yi duk wannan. Sai dai wanda ya kalli farantin ya ga ƙanƙarar da ke cikin kofunan tana karkarwa, kafaɗunta ma haka. Ƙofar kuma a buɗe take tsawon lokacin, ma'ana sashe na biyu na carar ya fita har farfajiya, inda wasu 'yan makaranta ke wucewa.

Daga ɓangaren babban allo, lamarin ya fi bayyana. Layin waƙar yana can sama a miƙe. Layin baƙon ya taso daga ƙasa, ya yi tsalle, ya wuce shi ba su gaisa ba, ya faɗo, sannan ya ɓace gaba ɗaya, alamar na'urar ta daina ɗaukar abin da take ji a matsayin muryar ɗan Adam.

Daga ɓangaren mai abin kuwa, ya ce lokaci ne ya tsaya. Ya ga bakin kowa. Ya ga shugaban sashensu, wanda ake kira Bucho, ya dakata da wake a hannu tsakanin kwano da baki. Ya tuna hannunsa na cikin aljihu, ya rasa yadda zai fitar da shi ba tare da an lura ba, sai ya bar shi a can har ƙarshe.

Nan ne taimako ya zo. Wani senpai, wanda ya riga shi shiga kamfanin, mai kirki ne ƙwarai, ya wawuri allon hannu don ya sauke masa sauti. Allon a juye yake. Ya danna, ya ga ba sauƙi, ya ƙara dannawa, ya ƙara. Baƙon yana jin kiɗa na guje masa sama, ya ɗauka kunnensa ne ya samu matsala, ya bi shi. Al'adar wurin ba ta yarda a katse wa mutum waƙa ba, shi kuma kunya ta hana shi katse wa kansa. Saura minti uku da wani abu, ga amshi na biyu, ga na ƙarshe, duk a matakin da ko mai waƙar bai yi alkawarin kaiwa ba. Da aka gama, aka tafa, tafi mai tsawo irin na jaje. Na'ura ta fito da makin, kowa ya sami abin dubawa a wayarsa. Mutum biyu da suka riga suka jera waƙoƙin Higedan a layi suka lallaɓa suka goge: gemun ɗan'uwa ya kama da wuta.

Sashen da ya fi amfani ga mai nazari shi ne na shawarwari, kuma Bucho ne ya ɗauki nauyinsa. Ya ajiye waken, ya matso, ya dafa kafaɗar baƙon.

"Me ka sha?"

"Shayin ulon, Bucho."

"Shi ke nan! Ulon yana wanke maiƙon maƙogwaro. Kowa ya san wannan."

Shi ne ya yi masa odar shayin tun farko. Ba wanda ya tuna masa.

Ya ci gaba da cewa murya daga ciki take fitowa, ya buga nasa cikin don a gani. Ya ce a ɗaga gira in za a hau sama, domin gira tana jan sauti. Ya ɗaga nasa, ya umarci baƙon ya ɗaga, suka zauna suna kallon juna gira a sama. Ya ce a matse ɗuwawu. Ya ce a ƙudurta a rai cewa sautin ta tsakar ka zai fita ya bugi silin. Sannan ya yi shiru, ya tambaya ko mace ta taɓa ƙin baƙon. Baƙon ya ce ta taɓa. Bucho ya girgiza kai ya ce to ba ta ƙi shi da kyau ba, da an ji a muryar.

Shawara ta ƙarshe ita ce ya fi alfahari da ita. "Ka san Fujihara-san ma'aikacin banki ne a da? Shekara biyu! Yana gaida mutane da ƙarfi tun safe har yamma. A nan ya gina muryar. Kai ba ka gaisuwa da ƙarfi, na daɗe da lura."

"Na gode, Bucho. Zan gyara."

Babu wata hujja da ke nuna aikin banki yana ƙara wa murya tsawo. Bucho kansa, da layi ya zo kansa, enka ya rera, tsohuwar waƙa da ya zaɓa daidai da muryarsa, bayan ya sauke sautinta a ɓoye. Maganin da aka sani ke nan: namiji mai murya ta yau da kullum ya sauke "Pretender" kafin ta fara, ya kuma riƙe allon da hannunsa.

Wayar bango ta yi ƙara, aka sanar cewa saura minti goma. Baƙon ya fara neman jakarsa. Senpai, wanda abin da ya yi ya dame shi, ya ɗauki wayar ya ƙara awa guda, ya ce bai kamata mutum ya tafi gida da wannan a ransa ba, don haka ya saka masa wata ya huce. "Cry Baby" ya saka.