Mararraba Ba Ta San Mai Furfura Ba

Sau biyu a shekara garin York na jihar Pennsylvania a Amurka yakan cika da dattawa, wasu da ƙyar suke sunkuyawa, amma kayan wasan yara suka zo saye. 'Yan ƙungiyar masu tara tsofaffin jiragen ƙasa na wasa ne, wadda aka kafa a 1954. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. A miƙaƙƙen layi kowane jirgi jarumi ne, kowane mai jirgi gwani. Inda asiri ke tonuwa shi ne mararraba, wurin da dogo ke rabuwa biyu, wani harshen ƙarfe ya karkata ƙafar jirgi hagu ko dama ta cikin ɗan siririn rami. Nan ake gane jirgi, nan ake gane halin ubangidansa.

Akwai Sarkin Kwali. Shi mararraba ba ta taɓa ba shi kunya ba, domin bai taɓa ɗora jirginsa a kan layi ba. Abin alfaharinsa jirgin 'yan mata ne mai kai ruwan hoda da kamfanin Lionel ya fitar a 1957, wanda 'yan matan suka ƙi, ya yi kwantai a shaguna, yau kuma ya zama sai mai hannu da shuni. Ka tambaye shi ko yana tafiya, sai ya dube ka kamar ka zagi mahaifinsa. Kwalin ma ba a taɓawa sai an wanke hannu.

Sai Mai Araha, wanda ni dai ya fi shiga raina. Jirginsa ƙirar Marx ne, na gwangwani mai zanen fenti, irin wanda a da talakan Amurka ke saya wa ɗansa idan kuɗin Lionel ya fi ƙarfinsa. Faɗin layin Marx da na Lionel ɗaya ne, milimita 32, ƙarfe uku a jere, na tsakiya ke ɗauke da wuta. Saboda haka yakan ɗora shi a layin Lionel, jirgi ya yi ta gudu yana ƙara, mai shi yana washe baki. Da an iso mararraba sai ka ji ƙwas! Kan jirgi ya yi tsalle ya kwanta a gefe, ƙafafu na juyawa a sama, taragu sun tarwatse. Dalilin a fili yake: yawancin tsofaffin injinan Marx suna da giya mai haƙora manne a bayan ƙafa, girmanta ya kai bakin ƙafar, ramin mararrabar Lionel kuwa bai isa ya ɗauki wannan kaurin ba. Mutuminku ya san haka sarai. Duk da haka zai ɗaga jirgin, ya hura masa iska, ya mayar, ya ƙara wuta, wai ko da gudu zai haye. A karo na gaba jirgin yakan kai ƙarƙashin kujera. Daga nan sai ya ɗauko zarto ya nufi mararrabar, wadda ta ninka jirgin tsada, kuma ta aro ce.

Ɗan Gida shi ba ya bincike, hukunci yake yankewa. Idan na Lionel ne, duk jirgin da ya faɗi laifin Marx ne. Idan na American Flyer ne, wanda ya koma layi mai ƙarfe biyu a 1946, zai tambaye ka a ina ka taɓa ganin jirgin gaske yana bin ƙarfe uku. Abin da na Lionel ba ya son a tuna masa shi ne cikin gidan ma akwai rikici: dogon taragon Lionel kan bugi murfin injin mararrabar O-27 ta Lionel ɗin, saboda kwanar ta yi masa tsanani. In hakan ta faru sai ya ce teburin ne bai daidaita ba.

A Ingila za ka tarar da Malam Awo, gilashi a kan hanci, ma'auni a aljihun gaba. Ya gaji jiragen Tri-ang masu ƙafafu da faffaɗan baki, ya kuma shimfiɗa layin zamani siriri don ya yi kama da na gaske. Ƙafafun suna hawa kan maɗaurin layi, suna cijewa a mararraba. Zai auna tazarar da ke tsakanin bayan ƙafa da bayan 'yar'uwarta, ya ga ba ta kai milimita 14.5 da ake bukata ba, ya rubuta a littafi. Gaskiya duk cikinsu shi ya fi sanin abin da yake yi. Aibinsa ɗaya, ka kai masa ziyara don ganin jirgi, ka dawo da lacca.

Mai Gaggawa kuwa ya ga jirgin Märklin na Jamus da layin Hornby na zamani faɗinsu ɗaya, milimita 16.5, ya ce shi ke nan. Ƙafafun Märklin na hagu da na dama a haɗe suke da ƙarfe, wutar ma ba iri ɗaya ba ce. Bai ko kai mararraba ba, wari ya tashi.

A bayansu duka ga dillali, wanda bakinsa bai taɓa rabuwa da "jiya-jiyan nan ya wuce lafiya" ba. Wani lokaci ba ƙarya yake yi da gangan ba. Tsofaffin ƙafafun da aka zuba da tutiya mai gaurayen dalma sukan kumbura su tsage da shekaru, har jirgin da ya wuce a 1935 ya kasa wucewa yau. Amma dillali na ganin tsagar, babban yatsansa ne kawai ya faɗa a kanta.

Mai karatu, in sha'awar nan ta kama ka, sa mararraba ɗaya a jaka kafin ka tafi kasuwar. Ka tura kan jirgin da hannu ta hagu, ka tura ta dama, gaba da baya, sannan ka fara taya farashi.